SHARPANTIYE, MAI-WAƘAR DAUDA DA JONATAN

A cikin shekara ta 1988 waɗansu mawaƙa da makaɗa suka taru a ƙasar Faransa, suka ɗauki wata tsohuwar waƙa a faifai. Sunan waƙar Dauda da Jonatan. Doguwa ce, tana cin wajen sa'a biyu. Da faifan ya fito, masana kiɗa na ƙasashe da yawa suka yaba masa, mutane suka yi ta mamaki yadda aka bar abu mai-kyau haka yana kwance a cikin takarda. Gama a lokacin nan shekarar waƙar 300 daidai, wanda ya tsara ta kuwa yana cikin kabari tun 1704. Labarinsa ne za mu ba ku a wannan wata.

Sunansa Marc-Antoine Charpentier, Faransawa suna faɗinsa Sharpantiye. Irin waƙar nan kuwa ita ce Turawa ke kira opera, watau wasan kwaikwayo wanda ba a magana a cikinsa sai rairawa. Kowane ɗan wasa yana raira nasa zance, makaɗa suna bi da goge da sarewa, ƙungiyar mawaƙa kuma tana amsawa. A ƙasar Italiya aka fara irin wannan wasa wajen shekara ta 1600. Kiɗan zamanin nan, daga 1600 zuwa wajen 1750, shi ne a ke kira kiɗan Barok.

Ƙuruciyarsa

An haifi Sharpantiye a shekara ta 1643 a ƙasar Paris, shekarar da Sarki Luwis na 14 ya hau gadon sarauta yana yaro ƙarami. Ubansa gwanin rubutu ne, sana'arsa ke nan: ya kan kofe takardu da hannu domin manyan mutane. Ɗan kuwa ya gaji hannun uban, da tsabta da kula da takarda. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa a gaba.

Sa'ad da ya zama saurayi ya tafi birnin Roma, ya yi 'yan shekaru a can. Ya yi koyo wurin wani dattijo mai-suna Karisimi, wanda ya ke shugaban mawaƙa a wata makarantar limamai. Karisimi ya shahara wajen ɗauko labari daga Littafi Mai-Tsarki, kamar labarin Yefta da 'yarsa, ya raba shi ga muryoyi. Wani ya raira maganar mai-ba da labari, wani ta uban, wata ta 'yar, sauran jama'a su yi makoki tare. Mai-ji ya kan ji kamar yana wurin sa'ad da abin ya faru. Wannan hanya ta shiga zuciyar Sharpantiye ƙwarai, ya komo da ita gida wajen shekara ta 1670.

A Gidan Giz

Da komowarsa Paris sai wata mace mai-sarauta da dukiya, Mariya ta gidan Giz, ta karɓe shi. Ta ba shi ɗaki a cikin babban gidanta, ya zauna nan wajen shekara 17. Mace ce mai-ibada, tana son waƙar sujada. Tana da ƙungiyar mawaƙa tata ta kanta, har da waɗansu 'yan matan da ke mata hidima a ɗaki. Sharpantiye ya kan tsara musu waƙa, shi kansa kuma yana rairawa tare da su, gama yana da siririyar murya irin wadda Faransawa ke so ga namiji.

Gidan nan ya sha baƙin ciki. A 1671 ɗan ɗan'uwan uwargidan, wanda shi ne magajin gida, ya mutu yana saurayi. A 1675 ɗansa ƙarami ya bi shi, zuriyar gidan ta wajen maza ta yanke ke nan. Sharpantiye ne ya tsara waƙoƙin jana'iza. Tun daga nan hannunsa ya faɗa ga waƙar makoki, har ya zama ba shi da na biyu a wannan fanni a dukan Faransa ta zamaninsa.

Ƙofar da Aka Rufe

A kwanakin nan, duk mai-kiɗa a Faransa idonsa yana kan fadar sarki, gama can ne suna da arziki su ke. Amma akwai wanda ya riga ya tsare ƙofa. Sunansa Luli. Shi mutumin Italiya ne, an haife shi a Filorens a 1632, aka kawo shi Faransa yana yaro. Gwani ne na gaske wajen kiɗa da rawa, sarki kuwa yana ƙaunarsa, har ya zama kamar sarkin makaɗa na dukan ƙasar. A watan Maris 1672 ya sami takarda daga hannun sarki, wadda ta ce ba mai-ikon nuna opera a fili a ƙasar Faransa sai da yardar Luli.

Dā Luli yana aiki tare da Moliyer, shahararren mai-rubuta wasannin ban dariya. Da takardar nan ta fito suka ɓata. Moliyer ya nemi wani mai-kiɗa, ya sami Sharpantiye. Suka shirya wasa a kan wani mutum mai-zaton kullum ba shi da lafiya, aka fara nuna shi ran 10 ga Fabrairu 1673. Ran 17 ga watan, bayan an yi wasan sau na huɗu, Moliyer ya mutu. Ba a daɗe ba Luli ya sa aka ƙara tsananta doka: sauran gidajen wasa ba su da izinin ɗaukar mawaƙa fiye da 2, ko makaɗa fiye da 6. Dole Sharpantiye ya zauna ya rage kiɗan da ya riga ya gama, ya sāke shi domin ya yi daidai da doka. Duk da haka bai rabu da mutanen Moliyer ba, ya ci gaba da yi musu aiki fiye da shekara goma.

Sau ɗaya ƙofar fada ta yi kamar za ta buɗe. Ya riga ya yi wa ɗan sarki waƙoƙin sujada, sarki ya ji ya kuwa ji daɗinsu. A 1683 aka yi shela za a ɗauki mutum 4 su shugabanci mawaƙan masujadar fada, kowane ya riƙe wata uku a shekara. Gwanaye suka zo daga ko'ina cikin ƙasar. Sharpantiye ya ci gwaji na fari. Kafin na biyu sai ciwo mai-tsanani ya kwantar da shi, bai iya zuwa ba. Aka zaɓi waɗansu. Sarki ya yanka masa 'yan kuɗi na kowace shekara domin ya sanyaya masa rai, amma har ya mutu bai riƙe aiki a fada ba.

Shekararsa 40 ke nan. Wani da ya ga haka sai ya ajiye alƙalami, ko kuwa ya ƙare kwanakinsa yana zagin wanda ya tare masa hanya. Sharpantiye ya koma ɗakinsa a gidan Giz, ya ci gaba da rubutu. Ya tsara Zabura da yawa. Tun kafin wannan ma ya riga ya tsara labarin Ibrahim da Ishaku, da na ɗa mubazzari, da na Bitrus sa'ad da ya yi musun Ubangijinsa. Haka kuma ya riga ya tsara labarin mutuwar Saul da Jonatan da harshen Latin. Ya kuma yi ƙananan opera waɗanda a kan yi a cikin gida gaban baƙin uwargidan. Ɗaya daga cikinsu, ta shekarar 1685, sunanta Les Arts Florissants, ma'anarsa sana'o'in gwaninta masu-yabanya.

A watan Janairu 1687 Luli yana bi da makaɗa a wata sujadar godiya domin sarki ya warke daga ciwo. A zamanin nan shugaban makaɗa ya kan riƙe doguwar sanda yana buga ƙasa domin kowa ya bi lokaci. Luli ya kuskure ya bugi yatsan ƙafarsa. Wurin ya ruɓe, ya ƙi a yanke, ya mutu ran 22 ga Maris.

Dauda da Jonatan

Wajen wannan lokaci Sharpantiye ya shiga aiki wurin wata ƙungiyar limaman Katolika da a ke kira Jizuwit, gama shi ɗan ekklisiyar Roma ne dukan kwanakinsa. Limaman nan suna da babbar makarantar samari a Paris, mai-suna Louis-le-Grand, inda manyan ƙasa ke kai 'ya'yansu. Al'adarsu ce su sa 'yan makaranta su yi wasan kwaikwayo, domin su koyi tsayawa gaban jama'a, su kuma koyi halin kirki daga labarin.

Ran 28 ga Fabrairu 1688 aka yi wasa biyu a haɗe. Ɗaya na magana ne da Latin, a kan Sarki Saul. Ɗayan kuwa shi ne opera ta Sharpantiye da Faransanci, wadda wani limami mai-suna Bretono ya rubuta kalmominta. A kan yi kashi ɗaya na magana, sa'an nan kashi ɗaya na waƙa, har aka gama. Wasan magana ya ɗauki nauyin ba da labari. Saboda haka waƙar ta sami sarari ta tsaya kan abin da ke cikin zukatan mutanen, watau tsoro da kishi da ƙauna da baƙin ciki.

Ga yadda ta ke tafiya. Da fari an ga Saul ya ɓad da kama ya tafi wurin bokanyar Endor da dare, kamar yadda mu ke karantawa a 1 Sama'ila sura 28. Namiji ne ke raira maganar bokanyar da siririyar murya mai-sa tsigar jiki ta tashi. Sama'ila ya bayyana, ya yi magana da murya mai-kauri, ya gaya wa Saul ƙarshensa. Tun daga nan mai-ji ya san inda za a ƙare. Bayan wannan sai kashi biyar su biyo. Dauda yana zaman gudun hijira wurin Akish, sarkin Filistiyawa. An tsai da yaƙi na ɗan lokaci, Dauda da Jonatan suka sadu da murna. Amma wani sarkin yaƙi mai-suna Yowabel, wanda ke jin haushin sunan da Dauda ya yi, ya dinga zuga Saul yana cewa Dauda makirci ya ke shirya masa. Saul ya gaskata, gama zuciyarsa ta riga ta karkata can. Sulhu ya warware. Jonatan ya tsaya tsakanin ubansa da abokinsa, ya raira doguwar waƙa shi kaɗai, yana auna wanda zai bi. Ya bi ubansa zuwa yaƙi. Aka yi masa rauni, ya mutu a hannun Dauda. Saul ya fāɗi a kan takobinsa.

Ƙarshen wasan ne ya fi taɓa mutane. Akish ya fito ya yi shela cewa Dauda ya zama sarki, jama'a suka ɗauki waƙar nasara da babbar murya. A tsakiyar wannan sowa Dauda yana kuka domin abokinsa. Sharpantiye bai ɓoye kukan ba, bai kuwa hana sowar ba, ya bar su biyu su shiga kunne a wuri ɗaya.

Mai-karatun da ya san Littafinsa zai lura an yi ƙari. Ba a ambaci wani Yowabel cikin Filistiyawa ba. Dauda kuma ba ya nan a Dutsen Gilbowa ran da aka yi yaƙin. Shugabannin Filistiyawa sun riga sun sa an mai da shi, a Ziklag ne labari ya iske shi, nan ya yi makokin da ke cikin 2 Sama'ila sura 1. Mai-rubuta kalmomin ya sāke waɗannan domin wasa, kada kuwa mu ɗauki wasa a maimakon Littafi. Amma jijiyar labarin tana nan yadda ta ke: kishi ya ci sarki har ya hallaka gidansa, ɗan sarki kuwa, wanda shi ne ya fi kowa dalilin yin kishi, ya ƙaunaci mutumin da zai gaji kujerar ubansa.

Ba mu ce Luli shi ne Saul ba. Luli ya bar kiɗa mai-kyau wanda a ke ji har yau. Sai dai wanda ya tsara wannan waƙa ya yi shekara 15 yana ganin abin da tsoron kishiya ke sa mai-iko ya yi, ya kuma san zafin a hana mutum wurin da ya cancanta. Da ya zo zana Saul da kiɗa, bai mai da shi dodo ba. Ya ba shi waƙoƙi masu-nauyi, na mutum wanda tsoro ya hana shi barci, har mai-ji ya kan ji tausayinsa.

Wasan ya karɓu. Aka maimaita shi a makarantun limaman nan a 1706 da 1715 da 1741.

Kwanakinsa na Ƙarshe

'Yan kwanaki bayan wasan uwargidan Giz ta rasu. Sharpantiye ya zama shugaban mawaƙa a babbar masujadar limaman, mai-suna Saint-Louis. A shekarun nan ya tsara waƙar yabo da a ke kira Te Deum, da kakaki da tambura, da kuma waƙar sujadar daren Kirsimati wadda ya gina a kan muryoyin waƙoƙin Kirsimati na talakawa, waɗanda kowa ya sani tun yana yaro. Ya kuma koya wa ɗan ƙanen sarki tsarin kiɗa.

A watan Disamba 1693, yana da shekara 50, aka buɗe masa babban gidan opera na Paris, wanda dā ke hannun Luli. Ya kawo Médée, tatsuniyar Helenawa a kan wata mace wadda mijinta ya yashe ta, ta ɗauki fansa mai-ban tsoro. Amma ko da Luli ya mutu, mabiyansa suna nan. Suka ce kiɗan ya cika wuya, ya cika ɗanɗanon Italiya. Ba a daɗe ana yin wasan ba aka janye shi. Bai ƙara kai wata opera gidan nan ba.

A 1698 aka naɗa shi malamin yaran mawaƙa a Sainte-Chapelle, tsohuwar masujada mai-tagogin gilashi masu-launi wadda Sarki Luwis na 9 ya gina a tsakiyar Paris. Babban matsayi ne, ba wanda ya fi shi a kiɗan sujada sai na fada. Aikinsa shi ne ya zauna da yaran, ya koya musu waƙa, ya lura da su dare da rana. A cikin takardunsa akwai wata waƙa da ya yi wa kansa kamar ta kan kabari, rabi wasa rabi gaske, inda ya nuna masu-rena aikinsa sun fi masu-yabonsa yawa. Ya mutu ran 24 ga Fabrairu 1704. Aka binne shi a wata ƙaramar makabarta a bayan masujadar. Makabartar ma yanzu babu ita.

Yadda Takarda Ta Yi Magana

Kaɗan ne ƙwarai daga cikin aikinsa aka buga da injin ɗab'i yana da rai. Bayan mutuwarsa aka manta da shi fiye da shekara 200. Amma ɗan mai-rubutu bai yar da halin ubansa ba. Tun yana saurayi ya kan kofe waƙoƙinsa da hannunsa a cikin littattafai, ya sa wa kowane lamba, wani lokaci har ya rubuta sunan wanda zai raira kowace murya. Ɗan 'yar'uwarsa ya gāje su. A 1727 ya sayar wa ɗakin littattafan sarki, aka ɗinke su suka zama manyan littattafai 28. Suna nan har yau a babban ɗakin littattafai na ƙasar Faransa. Waƙoƙinsa da suka tsira sun fi 500.

Dauda da Jonatan ba ta cikin littattafan nan. Ta tsira ne ta hannun wani ma'ajin takardun kiɗa na sarki, mai-suna Filidor, wanda ya kofe ta a 1690. Wata opera da Sharpantiye ya yi wa makarantar shekara ɗaya kafin wannan, a kan wani shahidi mai-suna Selsus, ba ta sami irin wannan rabo ba, kiɗanta ya ɓace.

A 1953 aka ɗauki Te Deum ɗinsa a faifan garmaho. Shekara ta biye, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin na Turai ta zaɓi farkon kiɗan ya zama taken buɗe shirye-shiryen da su ke yi tare. Miliyoyin mutane suka haddace muryar kakakin nan ba su san mai-ita ba. A 1979 wani Ba'amurke mazaunin Faransa, William Christie, ya kafa ƙungiyar mawaƙa da makaɗa masu-amfani da kayan kiɗa irin na dā, ya sa mata suna Les Arts Florissants, sunan ƙaramar operar nan ta gidan Giz. A 1981 aka nuna Dauda da Jonatan a birnin Liyon a ƙarƙashin Michel Corboz, aka kuma ɗauke ta a faifai. A 1982 wani masani, Wiley Hitchcock, ya buga jerin dukan waƙoƙin Sharpantiye da lambobinsu. A 1984 Christie ya ɗauki Médée, wadda mutanen Paris suka ƙi a 1693, faifan ya sami babban yabo.

Sa'an nan faifan 1988 ya zo, wanda muka fara da shi. Christie ne ya bi da shi, kamfanin Harmonia Mundi ya fitar. Gérard Lesne ya raira Dauda. Monique Zanetti ta raira Jonatan, gama an rubuta wannan murya domin yaro wanda muryarsa ba ta fashe ba tukuna. Dominique Visse ya raira bokanyar. Ta wurin wannan faifai mutane da yawa suka fara sanin waƙar. A 2012 Christie ya sāke kawo ta gaban jama'a a garin Aix-en-Provence, a 2022 kuma aka yi ta a cikin masujadar fadar Bersai, fadar da mai-waƙar bai taɓa samun aiki a cikinta ba.

'Yan'uwa, ba mu ba da labarin nan domin mu yi wa kowa alkawarin suna bayan shekara 300 ba. Sharpantiye bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya gani shi ne ɗaki a gidan wata, da 'yan makaranta, da yaran masujada, ya kuwa yi musu aiki da iyakar gwanintarsa kamar sarki ne ke ji. Wanda aka ba shi ƙaramin aji, ko ƙungiyar mawaƙa ta mutum goma a ƙauye, bari ya tuna da shi. Wanda kuma ya ke riƙe da ƙofa, ya ga wani yaro yana tasowa da baiwa wadda ta fi tasa, sai ya buɗe 1 Sama'ila daga sura 18, ya dubi Saul, ya dubi Jonatan, ya ga wanne ya ke kama da shi. Ku masu-tsara waƙa kuma, ku rubuta abin da kuka tsara, ku ajiye inda gara ba za ta ci ba.